Yadda ake sarrafa zafi da danshi a gidan leda don samun tumatir a damina

Tun ranar da na kai kwandunan tumatir kasuwar Jega a tsakiyar watan Agusta, lokacin da ɗan ƙaramin kwano ya gagari mai gida, ban huta da tambayar yadda na samu tumatir a damina ba. Wasu sun riga sun kafa gidan leda, wanda dillalansa ke kira girinhaus, amma shukarsu sai tsawo da ganye, fure na zuba kamar ana karkaɗe shi. Wasu kuma yanzu suke tara kuɗin kafawa. Amsar da nake ba kowa ɗaya ce: wannan gida an ƙirƙiro shi ne a ƙasashen sanyi don ya tara zafi, mu kuwa a Kebbi zafin ne ya yi mana yawa. Don haka aikinka kusan duk shekara shi ne fitar da zafi da laima daga ciki. Rufewa ruf ta 'yan dararen hunturu ce kawai.

Misalin da zan riƙa bayarwa shi ne gida mai faɗin mita 8 da tsawon mita 24, domin shi aka fi kafawa.

1. Fara da ma'auni

Kafin ka sayi ƙarfe ko leda, nemi ƙaramar na'urar nan mai batir da ke nuna zafi da danshin iska a lokaci guda. Ka zaɓi wadda ke ajiye adadi mafi sama da mafi ƙasa na yini, don ka san abin da ya faru da azahar ko da kana kasuwa. Sayi biyu, ɗaya ciki ɗaya waje a inuwa. Kuɗinsu bai kai na kwandon tumatir ɗaya a damina ba.

Rataya ta ciki a tsakiyar gida, daidai da kan shuka, ka riƙa ɗaga ta yayin da shukar ke tsawo. Ka yi mata 'yar hula da farin kwali. Ka rubuta abin da ta nuna sau huɗu: bayan sallar asuba, da hantsi, da azahar, da magariba.

Ga adadin da za ka haddace game da tumatir. Ya fi jin daɗin rana tsakanin digiri 21 zuwa 29, dare kuma 15 zuwa 21. Idan rana ta riƙa wuce 32 zuwa 35 kwana da kwanaki, ko dare ya ƙi sauka ƙasa da 24, garin fure yakan lalace, furen ya zube ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Danshin iska kuwa tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin 100 ake so.

Hattara: kada rana ta taɓa na'urar kai tsaye, kuma kada ka jingina ta da ƙarfe. Za ta nuna maka zafin jikinta ne, ba na iskar da shuka ke shaƙa ba.

2. Wuri da fuskar gini

Nemi tudu mai tsane ruwa. Na san kowa ya fi son fadama saboda ruwa na kusa, amma wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan ba ya bukatar dogon bayani. Ka kafa a tudu, ka jawo ruwan da bututu.

Iskarmu biyu ce. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma. Ka juya ginin yadda dogayen gefunansa biyu za su fuskanci waɗannan kusurwoyi, iska ta ratsa ta faɗin mita 8 maimakon ta bi tsawon mita 24. Kada katanga, ko gini, ko wani gidan ledar ya matse shi. Bar fili aƙalla mita 4 zuwa 5 a kowane dogon gefe.

3. Tsawo, rufi da raga

A nan ake cin nasara ko a faɗi, kuma a nan na faɗi a karon farko. Na ba wani mai walda aiki, ya yi mini gida gajere, gefensa bai kai mita 2 ba, muka lulluɓe shi da leda har ƙasa saboda haka na gani a hoto. Wata azahar a watan Maris kawuna ya leƙo, bai yi taku biyar ba ya ja da baya yana fifita da hularsa.

Ya ce, “Ɗana, noma kake ko gashi?”

Na ce, “Kawu, ai haka ake yin sa.”

Ya ce, “To a zuba mai da gishiri.”

Na'urar ciki a ranar ta haye 50. A cikin mako biyu ba fure ko ɗaya a kan shukar.

Ga yadda ya kamata. Tsawon gefe, wato daga ƙasa zuwa inda rufi ya fara lanƙwasa, ya kai mita 3, in da hali 4. Iska mai zafi sama take tashi, tsawon nan ne ke nisanta ta da kan shuka. Leda a rufi kawai za ta tsaya. Gefuna huɗu duka raga ce mai hana ƙwari, sai labulen leda da ake saukewa a kanta kawai in bukata ta taso. Sannan a bar baki a ƙololuwar rufin, ɓangare ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo da kamar rabin mita zuwa mita guda, a toshe tsakanin da raga. Ta nan zafi ke fita, sabuwar iska ta shigo ta gefe. Gidan da ba shi da wannan baki, ko ka cika shi da fanka, wahala kawai za ka sha.

Ƙa'idar da ake bi ita ce wuraren shigar iska su kai aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin ƙasar gidan. Namu murabba'in mita 192 ne, ke nan mita 48. Sai dai raga na tare iska sosai, don haka ka ninka. Dogayen gefuna biyu masu raga mita 2 zuwa 3 a tsaye sun biya wannan bukata.

Ledar rufi ta zama mai kauri maikiron 200 (kashi ɗaya cikin biyar na milimita) wadda aka yi wa maganin hasken rana. Irin wannan takan yi shekara uku ko kusa da haka. Ledar kasuwa ta shanya ko ta rufe buhu, wata kaɗan za ta yi ta fara tsagewa kamar busasshen ganye. Ka duba rubutun jikinta, wasu suna da fuskar ciki da ta waje. Duk inda za ta kwanta kan ƙarfe, shafa wa ƙarfen farin fenti ko ka naɗe shi da tsumma, domin zafin ƙarfe ne ke fara cin ta.

Raga lamba 40 ko 50 ake amfani da ita, girman lamba na nufin ƙanƙantar idonta. Lamba 50 ta fi tare farin ƙuda, mai kawo cutar nannaɗewar ganye, amma ta fi hana iska. Ni 50 nake sawa, in ƙara tsayin gini ya rama. Ka yi ƙofa biyu da ɗan zaure a tsakani, a rufe ta farko kafin a buɗe ta biyu. Duk wanda ya tuna ɓarnar tsutsar nan da manoma ke kira sharon a gonakin tumatir na Kano da Kaduna a 2016 ba zai bar ƙofa a sake ba.

Hattara: iskar hadarin farkon damina ba ta wasa. Kowace ƙafar ƙarfe a binne ta da kankare, ledar a ja ta tsam ba lilo. In da katako za ka yi, ka tuna da gara, ka yi wa gindinsa magani.

4. Bazara: abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba

A Birnin Kebbi da Argungu zafin Afrilu kan wuce digiri 40 a inuwa. Gidan da ya fi kowanne samun iska, iyakarsa ya yi daidai da waje ko ya ɗara kaɗan. Buɗe gefe ba ya sanyaya iska ƙasa da yadda ta shigo. Abu biyu ne kawai ke rage zafi: inuwa da ruwan da ke bushewa.

Inuwa. Shimfiɗa ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 40 na hasken rana a saman rufin ta waje, da ɗan tazara tsakaninta da leda. In ka rataye ta ciki, zafin ya riga ya shigo. Wanda ba shi da kuɗin ragar, ya dama farar ƙasa ruwa-ruwa ya yayyafa wa rufin. Fara da kaɗan, ka shiga ka duba, ka ƙara in bai isa ba. Ruwan farko zai wanke ta, kuma daidai lokacin ke nan da ba ka bukatarta.

Hattara: ban da fentin mai, ba ya fita. Kada kuma inuwar ta wuce rabi, shuka za ta yi siriri ta miƙe neman haske, 'ya'ya su ragu.

Ruwa. Kowa ya san dalilin sanyin ruwan randa: yana tsattsafowa ta jikinta, iska na busar da shi, yana tafiya da zafi. Haka za ka yi wa gidan. Ka jera buhunan algarara a gefen da iska ke shigowa, ka bi samansu da bututu mai ƙananan huji yadda za su zauna a jiƙe daga walaha zuwa la'asar. Wasu gawayi suke cusawa tsakanin ragar waya biyu su jiƙa shi, shi ma yana yi kuma ya fi daɗewa. Kada ka rufe gefen duka, bar giɓi tsakanin buhu da buhu. Ka kuma jiƙa hanyoyin da ke tsakanin kunya da azahar. Wannan dabara tana aiki ne muddin iska a bushe take, wato Fabrairu, Maris da farkon Afrilu. Da zarar iskar kudu ta fara kawo laima, lokacin da gumi ke zama a jiki ya ƙi bushewa, amfaninta ya ragu, sai ka sauke buhunan.

Gaskiyar da dillali ba zai gaya maka ba ita ce: ko ka yi duk wannan, tumatir ɗin da ya yi fure a Afrilu ba zai ƙulla na kirki ba, domin daren ma ba ya sanyi. Ni na daina faɗa da wannan wata. Abin da nake yi shi ne in sa zafin ya yi mini aiki. Bayan na cire tsohuwar shuka a ƙarshen Maris, sai in kwashe bututun ban ruwa, in kafta ƙasa, in zuba ruɓaɓɓen taki, in jiƙa ta sharkaf, in lulluɓe da siririyar leda mai haske, in danne bakinta da ƙasa. Mako huɗu zuwa shida za ta yi a haka, ba tare da ragar inuwa a sama ba. Zafin da ke taruwa ƙarƙashin ledar yana rage tsutsar da ke sa saiwa ƙulu-ƙulu, da irin ciyawa, da cututtukan ƙasa da dama. Baƙar leda ba ta yin wannan aiki kamar mai haske.

5. Lokacin reno da dashe

Tsadar tumatir daga ƙarshen bazara take farawa ta bi damina, bayan na rani ya ƙare. Lissafinka shi ne furen ya zo bayan zafi ya karye, tsinka ta faɗo cikin tsadar.

Zuba iri a tsakiyar Afrilu, cikin tire, a inuwa mai raga. Bayan mako uku zuwa huɗu ya isa dashe, wato tsakiyar Mayu, daidai lokacin da za ka yaye ledar gasa ƙasa. Ka bar ƙasar ta sha iska kwana biyu ko uku. Yi dashe bayan la'asar. Fure zai fara bayan kamar wata guda, a tsakiyar Yuni, tsinka kuma daga ƙarshen Yuli. Mutanen Yawuri da Zuru, inda ruwa ke riga sauka, suna iya gabatar da komai da mako biyu ko uku.

Ka nemi iri mai hawa igiya wanda aka rubuta yana jure zafi. Kada ka wuce gindi biyu da rabi a kowane murabba'in mita, wato kusan 480 a gidan namu. Kwaɗayin cusa 700 shi ne farkon cutar damina. Ɗaga kunya ta kai taƙi ɗaya, ka rufe ta da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa. Ɓuntu kam ba ma rasa shi a Kebbi, kowane injin casa na neman mai kwashewa. Yana hana ƙasa ɗaukar zafi, yana riƙe ruwa, amma kada ya taɓa karan shukar.

6. Damina: yaƙi da laima

Rufin ya tare maka ruwan sama daga dukan ganye, wanda shi ne babban abin da ke kashe tumatir a fili. Saura laimar da ke cikin iska. A watan Agusta za ka ga na'ura ta haye 90 da asuba. Wannan ba abin tsoro ba ne. Abin dubawa shi ne hantsi: idan ƙarfe goma ta yi tana sama da 85, ganye bai bushe ba, to cuta na hanya.

Gefuna su kasance a buɗe dare da rana. Idan iska na kora ruwa ciki, sauke labulen leda na wannan gefen kawai, ka ɗage shi da zarar an ɗauke. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rufe ko'ina saboda hadari, a manta har washegari. Za ka tarar raɓa na ɗiga daga rufi kan ganye, kwana uku a haka sun isa baƙaƙen tabo su bayyana.

Ban ruwa da safe kawai, ta bututu mai ɗiga a gindi. Ban da bokiti, ban da feshi a kan ganye, ban da jiƙa hanya irin na bazara. Babban gindi mai 'ya'ya yana shan kamar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, ya fi haka in rana ta buɗe, ke nan tankin lita 1,000 na iya ƙarewa a yini. Ranar da gari ya wuni a lumshe, rage. Tona ƙasa da yatsa kafin ka buɗe famfo. In ka dunƙula ta ta haɗu ba ta ɗigar da ruwa ba, ta isa.

Hattara: yau ƙishi gobe ambaliya shi ke fasa tumatir, shi ke kuma sa gindin ɗan tumatir ya yi baƙi. Mutane kan ruga sayen maganin feshi, alhali ba ƙwaro ba ne. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ga ɗan ba saboda ruwan da ke ɗauke da shi yana yankewa.

Kowane mako ka fige tofon da ke fitowa a hammatar ganye, ka bar kara ɗaya yana hawa igiya. Ganyen ƙasa, waɗanda ke ƙarƙashin nonon da ya fara nuna, cire su iska ta bi gindi, amma kada ka wuce biyu ko uku a gindi ɗaya lokaci guda. Yi wannan aiki da hantsin ranar da rana ta fito, don ciwon ya bushe kafin dare. Abin da ka cire, fita da shi nesa. Gindin da ya yanƙwane farat ɗaya alhali ganyensa kore ne, tumɓuke shi da ƙasarsa, kada ka jira ya farfaɗo.

Sauke ragar inuwa idan gajimare ya zauna. A waje, haƙa lambatu kewaye da gidan don ruwan rufi ya wuce, ko ka sa indararo ka tara shi a tanki, ya fi na rijiya ƙarancin gishiri. Nome ciyawar da ke jikin raga, tana tare iska tana kuma ɓoye ƙwari.

7. Girgiza fure

A fili iska da wasu ƙwari ke motsa furen tumatir har ya ƙulla ɗa. A cikin raga babu su. Ka ɗauki sanda ka bi layi kana ɗan bubbuga wayar da igiyoyi ke rataye a kai, sau uku a mako ko fiye, tsakanin ƙarfe tara zuwa sha ɗaya. Kafin nan garin fure a jiƙe yake ya manne, bayan nan zafi ya yi yawa. Aikin minti goma ne, yaro ma zai iya.

8. Hunturu

A wannan lokaci tumatir na fadama ya cika kasuwa, kwando ba daraja. Na fi son in sa kokwamba ko manyan tattasai, in nemi masu otal da kantuna a Birnin Kebbi ko Sakkwato kafin in shuka. In kokwamba ce, nemi irin da ke ƙulla ɗa ba tare da ƙudan zuma ba.

Yanzu matsalar ta juye: dare da sanyi, rana da bushewa. Tumatir ba ya ƙulla da kyau idan dare ya sauka ƙasa da 13, kokwamba ta fi shi raki. A Disamba da Janairu, idan na'ura ta nuna ƙasa da 15 da asuba, fara sauke labulen gefuna da la'asar sakaliya, tun ƙasa na da ɗumi. In ka bari sai bayan isha'i, sanyi ka kulle a ciki. Da hantsi ka ɗage, ka fara da gefen kudu maso yamma, na arewa maso gabas ya tsaya rabi in iska ta yi ƙarfi. Jera durom-durom na lita 200 masu baƙin fenti cike da ruwa inda rana ke samunsu. Suna shan zafi da rana su sake shi da dare. Ba wani babban bambanci ba ne, amma a daren da ake kan gaɓa yana taimakawa.

Hattara: kada ka hura gawayi ko itace a cikin rufaffen gida. Hayaƙin na zubar da fure, iskar gawayi kuma na kashe mutum ba tare da ya ji wari ba. Ka ja kunnen mai gadi musamman, domin shi sanyi zai kora ciki.

Da rana danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20. Dawo da buhunan algarara da jiƙa hanya. A kafa zana a gefen da iska ke bugowa, nesa da raga kamar mita 3, ta karya ƙarfinta. Riƙa juya bayan ganye kana dubawa: ɗigo-ɗigon rawaya da siririyar yana alamar jan gizo-gizon nan ne ƙanana, masu son zafi da bushewa.

Sai ƙura. Tana toshe idon raga har iska ta daina wucewa, kai kuwa kana ganin gefe a buɗe. Na taɓa ɓata mako ina zargin na'urata ta lalace, ashe raga ce ta zama bango. Wanke ta da ruwa daga ciki zuwa waje duk mako ɗaya ko biyu. Rufin ma a goge shi da tsumma mai laushi a kan doguwar gora.

9. Inda kuɗin ke tafiya

Farashin leda da raga na bin dala, don haka ka tambayi wurare uku a mako ɗaya kafin ka biya. Ƙarfe da aikin walda ne ke cin kaso mafi girma, sai leda da ragar ƙwari, sai tanki da bututun ɗiga da matatar ruwa, sai iri da taki. In kuɗi sun gaza, rage tsawon gidan daga mita 24 zuwa 12, kada ka rage tsayinsa, kada ka sauya leda da ta kasuwa. Ragar inuwa na iya jira, farar ƙasa ta riƙe maka. Fanka da sola su ne na ƙarshe, bayan ka yi damina ɗaya littafinka ya nuna ana bukatarsu. Matatar ruwa kuwa ba a tsallake ta, ruwan fadama na da laka, wata guda ya isa ya toshe hujin bututu.

Daga cinikin kowace tsinka ka riƙa ware wani abu na canjin leda, domin ranar tana nan tafe. Ka kuma ajiye salatif ɗin gyaran leda a zauren ƙofa. Yagewa mai tsawon yatsa da ka gani da safe, ka lanƙaya mata ciki da waje kafin hadarin yamma ya taso.